Shafin da Yatsun Goggo Suka Cinye

Fukuoka, 9 ga Maris, 2004

Goggo Fusae,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya. Yaya gwiwar? Nan sanyi ya fara sassautawa, amma na san can Tsuruoka ƙanƙara na nan a bakin ƙofa. Ki riƙa barin matar maƙwabcinki Togashi tana kwashe miki ita, kada ki ce sai da kanki. Na haɗo miki da ƙwan kifi mai yaji, wanda kike cewa gishiri ya yi masa yawa amma kike cinyewa.

Na san ban rubuto ba tun jana'izar Baba, kuma ba ni da hujja. Na so in buga waya, sai na tuna kin ce waya ba ta bar wa mutum komai a hannu. Shi ya sa na sa na'ura ta huda miki wannan da rubutun makafi.

Goggo, Shirube, manhajar rubutun da Baba ya yi wa makafi, ta shiga matsala. Wani kamfani a Osaka ya aiko mana da takardar lauya. Wai tun 1992 suka yi rajistar mallakar dabarar nan da kwamfuta ke faɗa wa makaho bayanin kowane harafi, cikin masu sauti iri ɗaya, kafin ya zaɓa. Wato muryar da kike ji kullum in kina rubutu, ita ce suka ce tasu ce. Sun ba mu zuwa ƙarshen Afrilu: ko mu cire muryar, ko mu sauke manhajar daga intanet, ko mu haɗu a kotu.

Mu goma sha ɗaya muke kula da ita tun da Baba ya damƙa mini, kowa da aikinsa na cin abinci, wannan na sa-kai ne. Yanzu kawunanmu sun rabu. Wasu sun ce mu ma mu fara yi wa dabarunmu rajista, in an kawo mana hari mu rama. Wasu sun ce a cire muryar a yi shiru. Wani ma ya ce a kai manhajar wata ƙasa a ɓoye ta can.

Amma mun sami wata lauya, Madam Kuwahara, ta ce akwai mafita ɗaya. In muka nuna an riga an bayyana dabarar ga jama'a kafin 1992, rajistarsu ta mutu. Na tuna ɗan littafin da Baba ya buga wa ƙungiyarsa ta masu kwamfuta, mai shuɗin bango. Yana cikin kwalin takardunsa a tsohon ɗakina. Don girman zumunci ki sa matar Togashi ta duba, ta aiko mini duk abin da aka buga da tawada mai ɗauke da kwanan wata.

Ɗanki,
Noriyuki

Tsuruoka, 20 ga Maris

Nori,

Wasiƙarka ta iso, ƙwan kifin ma ya iso, kuma gishiri ya yi masa yawa. Gwiwa tana nan, tana ba ni labarin yanayi tun kafin rediyo ya faɗa. Na yi murna da na ji kana raye, don har na fara tunanin ko mutanen Fukuoka ba su san inda ake sayar da kan sarki ba.

Yanzu ka nemi wuri ka zauna, abin da zan faɗa ba daɗi. Kwalin nan babu shi.

Ranar da za ka koma bayan jana'iza, kana ɗaure takalmi a bakin ƙofa, na tambaye ka me zan yi da takardun Yaya. Ka ce, "Goggo, yi yadda kika ga dama." Wata uku ina zaune da su. Takardar masu ido a wurina duk ɗaya ce, sumul, ba ta ce mini komai. Amma na kasa zuba hannun Yaya a shara tare da kan kifi. Da aka hura wutar sabuwar shekara a filin wurin bauta, tsakiyar Janairu, inda ake ƙona igiyoyin ado da tsofaffin layu, sai na ce wannan wutar ce ta dace da shi. Matar Togashi ta tura mini kwalin a baro. Yara suka yi ta ihu wai takardun Malam Seiji, wato Yaya, sun fi na kowa tashi sama, har wani ya ce ai dama malami ne, dole rubutunsa ya yi kyau a can. Na yi dariya, na yi kuka, na ci wainar shinkafa da aka gasa a garwashin. Na dawo gida zuciyata wasai, ban san ɓarna na yi ba.

Ni dai ban gane wannan magana ta mallaka ba. Ka san kafin Shirube shekara hamsin ina yi wa mutane shifta? Lokacin da nake aikin tausa a Sakata, har wasiƙar da na ƙi wani mai neman aurena sai da na faɗa wa matar maigidan wurin ta rubuta. Washegari duk kasuwar kifi ta sani. Yaya ya ji haushi fiye da ni. Ranar da ya kawo mini kwamfutar nan a bayan motarsa, ya naɗe ta da bargo kamar jaririya, ya ce, "Fusae, rubuta abin da kike so, ba mai ji sai ke." Ka san abin da na fara rubutawa? Ƙorafi zuwa ofishin gari kan kwatamin ƙofar gida. Kuma suka gyara.

To a lokacin ina mutanen Osaka suke?

Ka yafe mini, Nori. Ka rubuto ka ce ka yafe.

Goggonka

Tsuruoka, 16 ga Mayu

Nori,

Ina gaishe ka, ko da ba za ka amsa ba. Lafiyata ƙalau. Tsiron gora ya fito, na yi miyarsa yadda Yaya ke so, tukunya guda, na manta ni kaɗai ce. Kwana huɗu ina ci.

Wata biyu ke nan. Kullum mai kai wasiƙu ya tsaya da babur ɗinsa sai in fita, har ya fara ba ni haƙuri kamar shi ya yi laifin.

Togashi ya zo jiya ransa a ɓace. Tsohuwar kwamfutarsa ta mutu, aka saya masa sabuwa, aka je ɗauko Shirube a intanet aka tarar babu ita. Faifan da yake da shi kuma sabuwar ba ta karɓa. Yanzu ya koma yi wa matarsa shifta. Ya ce mata ta rubuta wa ƙaninsa "kai wawa ne", ita kuwa ta rubuta "muna yi maka fatan alheri". Sai da ƙanin ya bugo waya yana godiya ya gane. Na yi dariya a gabansa, amma da ya tafi ban yi ba. Mutumin nan shekara goma sha shida yana rubuta zaginsa da hannunsa.

Ya ce in tambaye ka, ni ma ina tambaya: kai ka sauke ta? In fushi kake yi da ni, ka yi da ni. Togashi bai ƙona komai ba.

Tawa kwamfutar ma tana wani gurnani in na kunna ta. Ban san ko wasiƙa nawa suka rage a cikinta ba.

Goggonka

Fukuoka, 30 ga Mayu

Goggo,

Ina gaisuwa. Ki yi haƙuri da shirun. Lafiya lau nake, sai dai gajiya.

E, ni na sauke ta, ranar ƙarshen Afrilu. Sunana ne a kan takardar lauyan. Manhajar da ba murya kuwa ba ta da amfani ga wanda aka yi ta dominsa, don haka ban ga dalilin barin rabinta ba. Mutum huɗu sun fita daga cikinmu. Ɗaya ya rubuta a fili cewa na sayar da aikin ubana don tsoro. Ban amsa masa ba, don ban tabbata ƙarya ya yi ba.

Ba da ke nake fushi ba. Na rubuta miki wasiƙa uku na yayyage, duk ukun kuma da Baba nake faɗa. Mutumin da ya san lissafi haka, a ce bai san ya je ofis ya sa sunansa a kan abinsa ba? Ya yi ta rabawa kamar mai rabon alewa, duk wanda ya aiko da faifai da ambulan sai ya kwafa masa. Da ya yi rajista tun farko, yau wa ya isa ya taɓa mu? Shi ya sa na fara karkata ga masu cewa mu ma mu riƙa yi. Duniyar da ake ciki ke nan, mai takarda shi ke da magana.

Tun da na fara, bari in ƙarasa. Kin san shekarar da na tafi jami'a? Na dawo hutun farko da jakata, na buɗe ƙofar ɗakina na tarar da tebur da wayoyi da kwamfuta tana surutu ita kaɗai. Katifata an kai ta ɗakin baƙi. Ko wata huɗu ban yi da tafiya ba. Baba ya ɗago kai ya ce, "A'a, ka dawo?" ya ci gaba da abinsa. Ban taɓa faɗa wa kowa ba, amma tun ranar na san wace ce 'yar gidan. Na kula da ita bayansa don ya ce in kula. Yanzu ta tafi, wani lokaci har kunya nake ji don sai in ji kamar an sauke mini kaya.

Ki ba Togashi haƙuri.

Noriyuki

Tsuruoka, 8 ga Yuni

Noriyuki,

Na rubuta sunanka cikakke don ka san raina a ɓace yake. Lafiyata lau, ba sai ka tambaya ba.

Mai rabon alewa? Ubanka? Da ka faɗa mini haka a gabana, da ka ji hannun mai tausa a kunnenka. Kana tsammanin bai san hanyar ofishin ba ne? An ba shi shawara, ba sau ɗaya ba. Wani abokinsa har fom ya kawo masa, Yaya ya ɗora butar shayi a kai. Kuma ya faɗi dalilinsa a shafin farko na littafinsa, ga shi nan yadda yake: "An ce in yi wa wannan dabara rajista. Ba zan yi ba. Shekara talatin ina koyar da lissafi, ban taɓa jin wanda ya mallaki hanyar raba lamba ba. Duk wanda ya samu ya kwafa wa maƙwabcinsa, ba sai ya tambaye ni ba."

In ku ma kuka fara kulle dabaru don ku rama, to ku faɗa mini bambancinku da na Osaka, ban da su suna da kwat. Gobe wani malamin makaranta zai yi wa ƙanwarsa abu, takardar lauyanku ce za ta je masa.

Kada ka ce ƙirƙira na yi don in kare shi. Littafin yana kan cinyata yanzu haka. Ba mai shuɗin bangon ba, wannan ya tafi sama. Nawa na ɗigo-ɗigo ne, wanda ya huda mini da tsinke da hannunsa ya aiko mini Sakata, kafin ɗakin karatun makafi ya buga wa sauran 'yan ƙungiyarmu ta makafi nasu. Kullum da safe bayan na zuba masa shayi a gaban hotonsa sai na karanta. Ban ambata maka shi ba don ka ce sai abin da aka buga da tawada. Na san alƙalan masu ido ba za su zauna suna shafa takardar wata tsohuwa ba.

Maganar ɗakinka kuwa, ba yau ba. In na taɓa ta yau zan faɗi abin da zai sa ka ƙara wata biyu.

Goggonka, wadda har yanzu take goggonka

Fukuoka, 11 ga Yuni

Goggo!

Sau shida na buga waya ba ki ɗauka ba. Na san kina jin ƙararta. Yaya gwiwar, yaya komai, ki yafe mini gajeruwar gaisuwa.

Goggo, littafin nan shi ne abin da muke nema tun Maris! Laifina ne, ni na ce tawada. Na girma a gidan da ake huda takarda, amma ko sau ɗaya bai faɗo mini a rai ba. Na karanta wa Madam Kuwahara wasiƙarki, na tsallake wurin kunne. Ta cire tabarau ta ce, "Doka cewa ta yi a bayyana wa jama'a. Makafi ba jama'a ba ne?"

Ga abin da take buƙata. Na farko, kwanan wata da ba hannunmu ya rubuta ba. Ambulan da ya zo a ciki yana nan? Ki sa a duba hatimin gidan waya. Na biyu, shaidar cewa ba ke kaɗai aka ba. Ko Togashi ya san wasu da suka ajiye nasu?

Na uku shi ne mai wuyar faɗa. Sai an kai ainihin littafin, ba kwafi ba, kuma ba a warware ɗinkinsa, ba a cire ko shafi ɗaya. Zai iya shekara a hannun hukuma, ko fiye. Ta ce ba za ta yi mini alkawarin yadda zai dawo ba, don hannaye da yawa za su taɓa shi.

Na san mene ne shi a wurinki. In kika ce a'a, ba zan sake tambaya ba, kuma ba zan daina rubuto miki ba.

Nori

Tsuruoka, 26 ga Yuni

Nori,

Damina ta sauka, gwiwa ta ce in gaishe ka. Na ji wayar. Ina so in yi tunani ne ba tare da muryarka a kunnena ba.

Ambulan yana nan, a ciki nake ajiye shi. Matar Togashi ta ce hatimin ya fito raɗau: Tsuruoka, 12 ga Mayu, shekara ta sittin da uku ta Showa. Ka lissafa da kanka, 1988 ke nan.

Togashi kuwa kamar an mayar masa da ƙuruciya. Ya zauna gaban waya kwana biyar yana kiran tsofaffin masu tausa daga nan har Akita, yana zagin kowa yana tambaya. Mu ba ma zubar da takarda mai ɗigo, a zamaninmu ba ta da yawa. An sami kwafi shida. Ɗaya a ƙarƙashin tukunyar fure, ɗaya mai shi ya rasu amma matarsa ta ajiye. Duk sun yarda su sa hannu. Amma babu mai ambulan sai ni, don haka ba ni da wurin ɓuya.

Ga shi na aiko. Na yi masa kwana goma sha biyu ina cewa gobe.

In ka buɗe za ka ga abin dariya. Shafi na biyu zuwa na goma sha uku, inda ya yi bayanin dabarar, ɗigon yana nan tsaye kamar jiya aka huda. Ban taɓa karanta su ba, don ba na gane komai a ciki. Ashe jahilcina ne ya adana muku shaida. Na farko ya ɗan kwanta amma yana karantuwa. Na goma sha huɗu, wanda babu shi a na sauran, kada ka wahalar da kanka. Shekara goma sha shida yatsuna suna bi ta kansa, sun cinye shi.

Yau da safe na zuba shayi, na miƙa hannu inda yake zama, na taɓa tabarma. Na yi kewarsa ƙwarai, Nori, kamar Yaya ya sake rasuwa. Kada ku bari ya tafi a banza.

Goggo

Fukuoka, 28 ga Yuli

Goggo,

Ina gaisuwa. Da fatan zafi bai matsa miki ba. In kin ji rubutun ya karkace, da allo da tsinke na huda shi, da hannuna. Rabona da su tun ina firamare. Kwana uku na yi, ki yi dariya son ranki.

An shigar da takardun neman soke rajistar. Madam Kuwahara ta ce hukunci zai ɗauki lokaci, amma lauyan Osaka ya daina aiko da wasiƙu. Na mayar da Shirube intanet ranar Litinin, da muryarta, da sunana a kai. Ki ce wa Togashi ya koma zagin ƙaninsa.

Mun zauna da 'yan ƙungiya, har uku daga cikin waɗanda suka fita. Na janye maganata ta yin rajista. Mun yanke cewa duk dabarar da muka samo za mu bayyana ta nan take da kwanan wata. Mun kuma fara tattara tsofaffin mujallun ƙungiyoyi daga ko'ina muna ɗorawa inda kowa zai gani, na tawada da na ɗigo. Amma lauya ta gaya mana gaskiya: irin wannan rajistar tana da yawa, in mun ka da ɗaya wata za ta taso, kuma ba kowa ke da goggo ba. Don haka muna haɗa kai da sauran masu manhajar kyauta mu je gaban masu yin doka, mu ce a daina ba mutum mallakar hanyar lissafi gaba ɗaya. Na karanta musu shafin farko na Baba.

Kafin in miƙa littafin na zauna da shafi na goma sha huɗu. Na karkata shi a rana, na shafa, na sa madubin ƙara girma. Babu abin da na iya fitarwa sai wuri ɗaya a tsakiya, kamar sunana. Ko idona ne?

Me ya ce, Goggo?

Nori

Tsuruoka, 6 ga Agusta

Nori,

Lafiya lau nake. Rubutunka ya iso. Ka juya harafi goma sha ɗaya, layi biyu sun hau juna, kuma ka huda takardar har ta ɓule a wuri uku. Ubanka ma haka ya fara. Na karanta ta sau huɗu.

Ba idonka ba ne. Na so in gaya maka tun watan Yuni, amma a lokacin da ka ɗauka lallashi ne. Shafin ya tafi, amma yana bakina. Ga shi, ban ƙara ba ban rage ba:

"Fusae, wannan shafin naki ne ke kaɗai. Ki yi haƙuri da jinkiri. Shekara uku ina fama da abin nan ban gama ba, sai ga shi na gama cikin wata guda. Kada ki yaba mini. Noriyuki ya tafi jami'a watan jiya. Na raka shi tasha na ce masa ya kula da lafiyarsa, shi ke nan abin da bakina ya iya. Tun da na dawo na kasa wuce ƙofar ɗakinsa in ji shiru. Shi ne na kai kwamfutar ciki, na sa ta yi magana. Kada ki gaya masa, zai yi mini dariya."

To, na gaya maka. Yaya ya yi ta fushi da ni in ya ga dama, ranar sha uku ga wata, a bikin tarbar ruhohin mamata, zai zo gida tare da sauran magabata, sai ya faɗa mini da kansa. Zan hura masa 'yar wuta a bakin ƙofa don ya gane hanya, amma tsugunnawa ta fara gagarata, kuma ba na so in roƙi matar Togashi, ta tura baro ya isa.

Waken bana ya nuna. Kwamfutar nan mai gurnani na sa an fitar da ita daga ɗakinka zuwa falo. Na shanya katifarka a rana, na mayar da ita inda take.

Goggonka,
Fusae